Wata 15 ina riƙe da takardun gwajin jinin Abba: ra'ayina akan CA 19-9 da 'yan uwansa

Tun bayan rasuwar Abba mutane suke ta tambayata, wasu 'yan uwa, wasu kuma waɗanda muka saba dasu a layin ganin likita, wai wannan jinin da ake ta ɗiba masa duk bayan sati uku yana da wani amfani kuwa ko dai wahalar da tsoho kawai akayi. Shiyasa nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ni ba likita bace, malamar makaranta ce, amma wata 15 nayi ina yawo da fayil ɗinsa a jaka, duk takardar da ta fito daga lab sai na kwafe lambobinta a wani ɗan littafi, har ya kai nas ɗin wajen in suna neman tsohon sakamako ni suke tambaya. In taurari biyar ake bayarwa to huɗu zan ba wannan gwaje-gwajen, ɗayan dana riƙe kuma saboda yadda ake miƙa wa mutum sakamakon ne, zan zo kansa.

Ciwon Abba kansar bututun matsarmama ce. Hanta tana yin wani ruwa mai ɗaci kore-kore, yana bi ta ƙananan bututu suna haɗuwa su zama babba, wani ya taru a matsarmama, daga nan ya zuba cikin hanji ya taimaka wajen narkar da kitse. To kansar nan tana iya fitowa a ko ina a hanyar, cikin hantar, ko bakin hantar, ko can ƙasa kusa da hanji, ko a ita matsarmamar kanta. Ta Abba daidai mararrabar da bututun dama da na hagu suke haɗuwa ta fito, likitoci suna ce mata ƙarin Klatskin, sunan wani likitan Amurka da yayi bayaninta a 1965. Da ƙaiƙayi abin ya fara masa, yayi ta susa da daddare har fatarsa tana fashewa, sai ido yayi rawaya, fitsari yayi duhu, bayan gida kuma yayi fari fat, kowa yace shawara ce. Shawara ce kam, amma abinda ya kawo ta shine hanyar ta toshe. Da akayi hoton ciki aka ga ƙarin ya riga ya naɗe jijiyoyin jinin da suke shiga hanta, don haka maganar tiyata bata taso ba, kuma haka abin yake ga mafi yawan masu wannan ciwon, kafin a gane ya riga yayi nisa.

Ranar ne na fara jin sunan CA 19-9. Wani sinadari ne da fatar cikin bututun take yi, ko a jikin mai lafiya akwai shi ɗan kaɗan, tun 1979 aka gano shi, kuma yawancin lab suna ɗaukar ƙasa da 37 a matsayin daidai. Na Abba na farko ya haura 4,000. Wallahi da na ga lambar nan a tsaye nake amma ƙafafuna basa ɗaukata, 37 ina 4,000 ina, na shiga Google a cikin mota na karanta cewa duk wanda nasa yayi sama sosai yawanci ciwonsa ya yaɗu kuma baya daɗewa, kafin mu kai gida na gama kuka na gama lissafin cewa Abba bazai ƙara wata guda ba.

Washegari na tare likitansa nace ranka ya daɗe dan Allah ka faɗa min gaskiya, wannan lambar me take nufi. Yace Malama zauna tukuna. Ya jawo takardar ya ɗora yatsa akan wani layi daban da ban ko kalla ba, bilirubin, wato abin nan da yake sa ido rawaya, yace muddin wannan yana sama to kar in yarda da CA 19-9, domin in bututu ya toshe sinadarin baya samun hanyar fita sai ya koma cikin jini, har mutumin da tsakuwa ce kawai ta toshe masa hanya, babu kansa ko kaɗan, nasa yana iya kaiwa dubbai. Yace bari mu buɗe hanya sai mu sake aunawa. Aka zura masa kyamara ta baki aka saka wani ɗan siririn bututu da suke cewa sitent, cikin kwana kaɗan ƙaiƙayin ya lafa, idon ya fara washewa, bayan sati uku aka sake ɗibar jini, CA 19-9 ya dawo 600 da 'yan kai, alhali ko ɗigon maganin kansa ba'a saka masa ba. Ashe mafi yawan 4,000 ɗin nan toshewa ce. Wannan 600 ɗin ita likita ya rubuta a saman fayil yace daga nan zamu fara ƙirga.

Dan Allah duk mai jinyar irin wannan ciwon ya riƙe wannan, lambar da aka auna ana cikin shawara mai ƙarfi ba'a gina komai a kanta. Ni dai kwana ɗaya nayi cikin tashin hankali saboda na samu likita mai bayani, akwai waɗanda na gani sun fi wata suna ɗauke da wannan tsoron babu wanda ya warware musu.

Sai aka fara kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, magani biyu, gemcitabine da cisplatin, ana saka masa ta jijiya ranar farko da rana ta takwas, sai ya huta, zagaye ɗaya kwana 21 kenan. Kuma kafin kowane zagaye sai an ɗebi jini. Anan ne na ga amfanin CA 19-9 na ainihi, domin hoton ciki ba kullum akeyi ba, sai bayan wata biyu ko uku, a tsakani kuwa jinin nan ne kaɗai yake ɗan leƙa mana abinda ke faruwa a ciki. Daga 600 ya sauko 400 da wani abu, ya sauko 300, har ya kai 190, bai taɓa komawa ƙasa da 37 ba amma likita yace alkiblar yake kallo, kuma masu ciwon da nasu ya faɗi sosai bayan fara magani galibi sun fi daɗewa akan waɗanda nasu ya tsaya ko ya hau. Da akayi hoto aka ga ƙarin bai ƙaru ba. Abba kuwa ya dawo yana fita, yana karatunsa, duk sanda na dawo daga karɓo takarda sai yace Uwata me jinin ya ce yau, in ce ya sauka Abba, yace Alhamdulillahi, shikenan bai taɓa tambayar lambar ba.

Akwai wata baiwar Allah da muke haɗuwa ranar kimo, ita tata a matsarmama take kuma ta riga ta shiga hanta, amma CA 19-9 nata kullum ƙasa da 2 yake fitowa, ɗanta ya nuna min takardar yana murna wai ai jininta tas yake. Raina bai kwanta ba sai na tambayi likitanmu ba tare da na ambaci kowa ba. Yace akwai mutanen da jikinsu baya iya ƙera wannan sinadarin kwata-kwata, gado ne, yana da alaƙa da wani rukunin jini da ake kira Lewis, a duniya kamar mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ne, amma a cikin baƙar fata yafi yawa, kusan mutum 1 cikin 5. Irin waɗannan ko ciwon ya cika ciki gwajin bazai nuna ba. Wannan maganar ta tsaya min a rai sosai saboda babu inda aka rubuta ta a jikin takardar lab, kawai lamba ce da alamar cewa komai daidai, kuma mutum 1 cikin 5 ba kaɗan bane fa. Su sai a koma kan CEA, wani gwajin da ya girme shi, tun 1965, wanda ake so ya zauna ƙasa da 5, shima ba kowa yake nuna wa ba kuma mai shan taba nasa yana ɗan hawa ko lafiyarsa ƙalau. Na Abba CEA bai taɓa faɗa mana wani abu ba, tsakanin 3 da 6 ya yi ta yawo har ƙarshe.

To yanzu ga tauraron dana riƙe. Lab ɗin suna da manhaja a waya, da zarar sakamako ya fito sai meseji ya shigo, abin da daɗi tunda ba sai kaje ka bi layi ba, kuma gaskiya masu ɗibar jinin suna da hannu, jijiyoyin Abba duk sun ɓuya saboda kimo amma akwai wata nas da sau ɗaya take soka allura ta samu, tana ce masa sannu Baba an gama. Basu taɓa ɓatar mana da jini ba, basu taɓa haɗa sunansa da na wani ba. Amma a wata na shida, wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya, meseji ya shigo, na buɗe naga 1,100 da jan rubutu da kibiya tana kallon sama, babu ko layi ɗaya na bayani, babu lambar da zan kira, likita kuma sai bayan kwana huɗu zamu ganshi. Daga 190 zuwa 1,100. Na zauna a bakin gado har asuba. Abinda ban haɗa ba a lokacin shine kwana biyu kafin nan Abba yana ɗan zazzaɓi da rawar ɗari da yamma, muna ta bashi maganin zazzaɓi muna cewa gajiya ce, ashe sitent ɗin ne ya toshe ƙwayoyin cuta suka taru a bututun, wanda shi kansa abu ne mai haɗari da yake iya shiga jini ya kashe mutum cikin kwanaki tun kafin kansar tayi komai. Da safe idonsa ya fara rawaya muka tafi asibiti aka bashi gado, aka saka masa antibayotik ta jijiya aka canza sitent, bayan wata guda lambar ta dawo 230.

Abinda yake min ciwo shine da ace a ƙarƙashin jan rubutun nan an saka jimla biyu kacal, cewa toshewa da ƙwayoyin cuta suna ɗaga wannan lambar, in akwai zazzaɓi ko rawayar ido a tafi asibiti yanzu, da a daren zamu tafi. Ni na kwana ina kukan kansa ta dawo alhali abinda yake gabanmu daban ne kuma yana da magani. Na faɗa musu da bakina, na rubuta a takardar ƙorafi, har muka daina zuwa dai basu gyara ba.

Wani abin da ban zata ba, gwaje-gwajen da ba'a ko kula su, waɗanda ake yi wa kowa, su suka fi faɗa mana gaskiyar ƙarfin jikin Abba. Likitan ne ya koya min. A takardar ƙirgen ƙwayoyin jini akwai fararen ƙwayoyi iri-iri, sai ka ɗauki adadin nutrofil ka raba da na limfosait, abinda ya fito shi suke kira NLR, misali 6 a raba da 1.2 ya baka 5. In yana ƙasa da 3 ana jin daɗi, in ya haura 5 ya zauna a can to alama ce jiki yana cikin kumburi kuma sojojin da suke yaƙar ƙarin sun ragu, kuma an sha ganin masu irin wannan basu kai sauran daɗewa ba. Shima yana ruɗi, in akwai zazzaɓi ko an ba mutum sitiroyid ɗin da ake haɗawa da kimo sai ya hau, don haka na ranar da mutum yake garau ake dubawa. Sai albumin, furotin ɗin da hanta take yi, da CRP mai nuna kumburi. Masu bincike a Gilasgo ta Sikotland sun haɗa biyun nan sun yi wani ma'auni mai sauƙi, in CRP bai wuce 10 ba maki sifili, in ya wuce maki 1, in ya wuce kuma albumin ya faɗi ƙasa da 35 maki 2. Wata tara Abba yana sifili ko 1. Ni da kaina nake lissafawa a littafina kafin mu shiga wajen likita.

Mun kuma yi gwajin nan na zamani da ake neman ɓurɓushin kwayar halittar kansar a cikin jini, saboda naman da aka kankaro ta kyamara bai isa ayi bincike akansa ba, kuma hakan yana yawan faruwa in ƙarin a mararraba yake. Kwalba biyu aka ɗiba, muka jira kusan sati biyu. Abinda ake fata shine a samu irin canjin da yake da maganinsa na musamman, kamar FGFR2 da aka amince da ƙwayar pemigatinib dominsa a Amurka a 2020, ko IDH1 da ivosidenib a 2021, sai dai waɗannan biyun sun fi yawa a kansar da take can cikin hanta, kowannensu kamar mutum 1 ko 2 cikin 10. Na Abba KRAS da TP53 aka gani, waɗanda basu buɗe mana ƙofar wani magani ba kuma an san suna tafiya da ciwo mai taurin kai. Likita ya ƙara da cewa rashin ganin abu a jini baya nufin babu shi, musamman FGFR2 jini yana yawan kuskure shi, nama ya fi nunawa. Wannan gwajin shi kaɗai taurari uku zan bashi, rahoton shafi goma sha wani abu ne da babu mai gane shi sai likitan kansa, mu bai canza mana komai ba, amma wanda tasa a cikin hanta take ni zan ce ya tambaya ayi masa, da nama in zai samu.

Tambayar da kowa yake so yayi kuma yake jin nauyi, nawa ya rage, nima nayi ta. Likita bai ɓoye min ba kuma bai yanke min rana ba. Yace babban binciken da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2010, mutum 410, waɗanda aka ba magani biyun nan tsaka-tsakinsu wata 11.7 ne, waɗanda aka ba gemcitabine kaɗai wata 8.1. Tsaka-tsaki kuma yana nufin rabi basu kai ba rabi sun wuce, wasu sun wuce da nisa. Daga 2022 an fara ƙara durvalumab mai tada garkuwar jiki, a binciken da akayi kusan mutum 1 cikin 4 ya kai shekara 2, a waɗanda ba'a ƙara musu shi ba kuwa 1 cikin 10, shi Abba gemcitabine da cisplatin ɗin kaɗai ya samu. Yace abinda jini yake yi shine ya nuna mana wane ɓangare mutum ya fi karkata, mai albumin mai kyau da NLR ƙasa da CA 19-9 mai sauka ya fi kusa da masu wucewa, amma ya ga masu lambobi masu kyau da suka tafi da wuri ya ga masu munana da suka bashi mamaki, rana kam tana wajen Allah. Na ji daɗin yadda ya faɗa, bai rufe ni ba kuma bai kashe min gwiwa ba.

A wata na goma sha ɗaya abin ya juya, kuma wannan karon ba tsalle yayi ba, a hankali ya dinga hawa, 260, 340, 520, sau uku a jere, babu zazzaɓi, bilirubin lafiya lau, sitent a buɗe. Albumin ya sauko daga 36 zuwa 31, CRP ya hau ya ƙi sauka, NLR ya zauna a 6. Tun kafin ayi hoto na sani, likita ma ya sani, ya matso da ranar hoton da sati uku aka ga ɗigo-ɗigon kansa a hanta da tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Anan nake cewa gwajin ya biya wahalarsa, domin waɗannan makonnin da ya bamu tun Abba yana da ƙarfi, su muka yi amfani dasu, aka gwada magani na biyu zagaye kaɗan, aka kira yayana da yake nesa ya dawo ya samu mahaifinsa yana zaune yana magana, Abba da kansa ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya faɗi abinda yake son faɗa, ya warware lamuransa da hankalinsa. Da hoto kaɗai muke jira da wasu abubuwan basu samu ba.

A wata na goma sha huɗu albumin ya kai 26, ƙafafunsa sun kumbura, ciki ya fara tara ruwa, maki 2 na rubuta a littafi sau biyu a jere. Ranar da zamu koma ɗibar jini na shirya jaka sai ya riƙe hannuna yace Uwata, in an ɗiba akwai abinda zai canza. Nace bari in tambaya Abba. Na kira likita, yayi shiru kaɗan sannan yace a gaishe da Baba, a ce masa ya huta, daga yanzu jikinsa zamu dinga tambaya, in akwai ciwo ko amai ko rashin barci a kira shi ko wane lokaci ne. Ba'a sake soka masa allurar gwaji ba. Sati biyar ya ƙara a ɗakinsa, ana bashi maganin rage zafi akan lokaci, ya rasu da asuba muna kusa dashi, Allah ya jiƙansa ya sa ciwon ya zama kaffara.

Littafin yana nan a jakata, shafi 23, kowane layi da kwanan wata da CA 19-9 da bilirubin a gefensa da albumin da CRP da NLR, da ɗan rubutu ko yana zazzaɓi a ranar. Satin da ya wuce ɗan baiwar Allahn nan mai ƙasa da 2 ya kira ni, mahaifiyarsa tana nan da rai, yace in turo masa hoton yadda na tsara layukan zai fara yi mata, na ɗauka na tura masa na kuma ce ya ƙara layin CEA tunda ita CA 19-9 baya mata magana.